Me Ake Nufi Idan An Ce Jini Ya Yi Ƙasa?

Ku ɗauka ga wata 'yar kwalba a gabanku. Jinin mutum ne a ciki, an sa shi a na'urar da ke juya shi da ƙarfi, sai ya rabu. Na sama ruwa ne launin ɗorawa, sunansa filasma, kusan kashi 55 cikin 100 na jinin. Na ƙasa kuwa ja wur. Tsakaninsu ga wani siririn layi fari-fari, sai ka ƙura ido za ka gan shi.

A wannan siririn layin fararen ƙwayoyin jini suke, sojojin da ke yaƙar cuta. Tare da su akwai filatilet, ƙananan gutsattsarin da ke toshe bakin rauni idan ka yanke, jini ya daskare.

Amma mu tsaya a kan jan nan na ƙasa.

Jajayen ƙwayoyin jini ne. A ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, akwai su kusan miliyan 5. A ɓargo ake ƙera su, sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kana barci ko kana farke. Kowace na ɗauke da himoglobin, sinadari mai ƙarfe wanda ke kwaso iskar oksijin daga huhu ya kai wa sassan jiki. Siffarta kamar faifai mai lotsawa a tsakiya, ga laushi, tana lanƙwashewa ta kutsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Takan yi kwana 120 tana wannan zirga-zirga, sannan saifa ta janye ta.

Ga mai sikila, labarin daban ne. Ƙwayar takan sandare ta koma kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Daga nan azabar ciwon ƙashi ke tasowa, wadda duk gidan da ke da mai sikila ya san ta. Kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi ta mutu, ɓargo ya kasa cike gurbin. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma cikin jajayen nan take shiga, ta hayayyafa, ta fasa su.

To, idan likita ya duba idon yaronki ya ga ya yi fari, ya ce a je a yi gwajin PCV, tsawon jan nan na ƙasan kwalba ne za a auna, a kwatanta shi da na dukan jinin. Idan ya gaza yadda ya kamata, shi ne ake cewa jini ya yi ƙasa.