Bishiyar elm ta dawo: abin da za ka sani kafin ka dasa ta a gidanka

Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

In ka taɓa duba taswirar wani gari a Amurka, da wuya ka rasa titin da ake kira Elm Street. Amma je ka titin da ƙafarka, sau da yawa ko elm ɗaya ba za ka gani ba. Sunan ya rage, bishiyoyin sun tafi. Yau za mu ga abin da ya cinye su, da yadda aka samo irin da ke jure cutar, da kuma aikin da ke jiran duk wanda ya ce zai dasa ɗaya don inuwa, musamman 'yan'uwanmu mazauna Amurka, Kanada da Turai da Allah ya hore wa gida mai fili.

Tun farko, me ya sa aka so ta haka? Elm ta Amurka tana kai mita 25 zuwa 30. Gindinta ya miƙe, sai can sama rassan su buɗe su sunkuyo. In an jera ta hagu da dama, rassan sukan haɗe su rufe titi gaba ɗaya. Ga saurin girma, ga jure sanyi da hayaƙin gari. Shi ya sa hukumomin birane suka yi ta dasa ta, ita kaɗai, layi bayan layi.

Sai cuta ta zo. Ana kiranta cutar elm ta Holan, ko da yake ba Holan ce ta haife ta ba, a can ne dai aka gano musabbabinta. Wata matashiyar masaniya, Bea Schwarz, ita ce ta ware funfunar da ke jawo ta a farkon shekarun 1920, Christine Buisman kuma ta tabbatar da binciken bayan 'yan shekaru. Cutar ta tsallaka Amurka cikin gumagumai da aka shigo da su daga Turai don yin kayan ɗaki, aka fara ganin ta a jihar Ohio a 1930. An ƙiyasta akwai elm miliyan 77 a Arewacin Amurka a lokacin. Zuwa 1989, fiye da kashi 75 cikin 100 sun mutu. Ingila ma ba ta tsira ba. A ƙarshen shekarun 1960 wani nau'in funfunar da ya fi na farko muni ya shigo cikin gumagumai daga Kanada, ya kashe sama da miliyan 25.

Ga yadda take kisa. Akwai ɗan ƙwaro, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, yana saka ƙwai a ƙarƙashin ɓawon elm da ta mutu ko take ciwo. 'Ya'yan su fito jikinsu duk funfuna, su tashi su sauka a kan lafiyayyar bishiya, su ci ɓawon ƙananan rassa daidai inda suka rabu biyu. Ta wannan ɗan rauni funfunar ke shiga hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Ita kuma bishiyar, don ta tare mai shigowa, sai ta toshe hanyoyin da kanta. Ta toshe nan, funfuna ta wuce gaba, ta sake toshewa, har ta hana kanta ruwa. Ƙishirwa ce ke kashe ta, ko da ƙasar a jiƙe take.

Hanya ta biyu ba ta ma buƙatar ƙwaro. Elm da ke kusa da juna, saiwoyinsu sukan haɗe a ƙarƙashin ƙasa su zama ɗaya. In ta farko ta kamu, cutar sai ta bi ƙasa ta ci titin gida-gida. A Ingila abin ya fi haka tsanani, don elm ɗin da ta cika ƙauyukansu ba ta iri take yaɗuwa ba, daga saiwa take tsirowa. Kusan dukkansu jini ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da sauran.

A nan dai ba zan wuce ban ce wani abu ba. Duba titunan Kano, Maiduguri ko Maraɗi: dogon yaro, dogon yaro, dogon yaro. A farkon shekarun 1990 an ga wani ciwo da ke sa shi zubar da ganye yana bushewa a Nijar da arewacin Najeriya, hankalin masana gandun daji ya tashi. Elm ba ta ƙasarmu ba ce, tana buƙatar sanyin hunturu na gaske, kada wani ya ɓata kuɗinsa ya kai ta Sakkwato. Amma jera bishiya iri ɗaya a gari guda, mu ma muna yi.

To, ta yaya ta dawo? Hanya biyu aka bi. Ta farko, a nemo 'yan tsirarun da suka rage a tsaye bayan maƙwabtansu sun mutu, a yanko rassansu a rena, sannan a yi musu allurar funfunar da gangan a ga wadda za ta rayu. Da haka cibiyar binciken itatuwa ta gwamnatin Amurka da ke Washinton ta fitar da iri biyu na elm, Valley Forge da New Harmony, a 1995. Princeton kuwa tun 1922 aka zaɓe ta, don kyawunta kawai, kafin cutar ta iso. Daga baya aka lura ba ta faɗuwa kamar sauran. Ita aka dasa a titin da ke gaban Fadar White House a 2005.

Hanya ta biyu ita ce a koma ga elm ta Asiya, wadda ta fi jure funfunar, a haɗa jinin nau'o'inta da juna ko da na Turai. Daga nan aka sami Accolade a lambun Morton kusa da Chicago, da New Horizon da Sapporo Autumn Gold daga Jami'ar Wisconsin. A Turai za ka ji sunan Columella da Lutèce.

Yanzu ka saurara da kyau, don nan masu saye ke ruɗuwa. Jure cuta daban, rashin kamuwa daban. Valley Forge ko Princeton na iya kamuwa, reshe ya bushe, amma akasari ta farfaɗo. Kuma akwai wata cutar daban a gabashin Amurka, mai sa ganyen elm ya koma rawaya gaba ɗaya, wadda waɗannan na Amurka ba su da kariya daga gare ta. Saboda haka in ka je wurin masu sayar da dashe, karanta takardar da ke rataye a jikinta. In elm kawai aka rubuta ba sunan iri, bar ta nan. Kuma 'ya'yan da suka tsiro daga irin Princeton ba Princeton ba ne, ba lallai su gaji juriyar uwar ba. Sai wadda aka samo ta yankan reshe ko ta aure.

Wurin dasawa: rana sosai, nesa da wayar lantarki, nesa da bango. Ka tuna bishiya ce da za ta fi gidan tsawo. Haƙa rami mai faɗi amma kada ya yi zurfi. Inda gindi ya fara buɗewa ya zama saiwa, a bar shi daidai saman ƙasa, kada a binne. Ruwa a kai a kai shekara biyu na farko. In filin zai ɗauki bishiya uku, ɗaya ta zama elm, sauran wani abu daban.

Ni a ganina, abin da ya fi kashe sababbin elm a gidaje a yau ba funfuna ba ce, sakaci ne da datsa. Suna girma da gaggawa, wata ta ƙara mita ɗaya a shekara, kuma Valley Forge musamman ba ta da tsari, rassa ko'ina. Matsa kusa ka duba saman dashen. In ka ga kai biyu masu kauri ɗaya sun taso tare, da ƙunci a tsakaninsu, ɓawo ya naɗe ciki, to wannan wurin ba a manne yake ba. Yau yatsa biyu ne, almakashin lambu zai cire. Ka bar shi shekara 15, ranar da aka yi iska mai ƙarfi ko ƙanƙara ta yi nauyi, nan bishiyar za ta tsage biyu, rabi a kan rufinka. Zaɓi kai ɗaya ya zama shugaba, ka rage tsawon ɗayan ko ka cire shi. Haka za ka yi kowace shekara ko biyu, har ta kai shekara 10 zuwa 15.

Kuma lokacin datsar ba wasa ba ne. Sai cikin hunturu, bayan ganye ya zube. Ƙamshin sabon yanka yana kiran ƙwaron, shi kuwa daga watan Afrilu yake yawo har kaka. A lardin Manitoba na Kanada doka ce ma ta hana datse elm daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Yuli.

In a watan Yuni ko Yuli ka hango reshe ɗaya can sama ya yi yaushi, ganyensa ya yi rawaya alhali sauran kore shar, yanko ɗan reshen ka ɓare ɓawon da wuƙa. Lafiyayyen itace fari ne tas. In ka ga zane-zane ruwan ƙasa sun bi tsawonsa, kira masanin itatuwa a makon, kada ka jira. Akan ceci bishiya in an sare reshen da wuri, can ƙasa da inda zanen ya ƙare. Akwai kuma allurar rigakafi da ake yi wa manyan bishiyoyi ta gindi, wata duk bayan shekara uku, sai dai da tsada. Reshen da aka sare kuwa kada ka jibge shi a bayan gida ka ce na hura wuta ne, don a ƙarƙashin wannan ɓawon ƙwaron ke hayayyafa. A ɓare shi, a niƙe, ko a kai inda hukumar garin ta tanada.