Sharhi: Na'urar gwajin suga a bakin gadon mara lafiya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. 'Yar na'urar nan da ake soka yatsa a ɗiga mata jini ta faɗi yawan suga nan take, asalinta an ƙera ta ne domin mai ciwon suga da ke harkokinsa a gida. Yau kuwa da ita ake dogaro a kan wanda ke kwance rai a hannun Allah, kuma a nan ne ta fi yin kure.

Idan ciwo ya yi tsanani hawan jini ya faɗi, jini ba ya isa 'yan yatsu yadda ya kamata. Ka taɓa hannun ka ji shi sanyi ƙalau, wani lokaci a kumbure, sai an matsa kafin ɗigo ya fito. Wannan ɗigon ba lallai ya nuna abin da ke gudana a manyan jijiyoyi ba. Ga kuma ƙarancin jini: idan jajayen ƙwayoyin jini suka ragu, yawancin na'urorin sukan nuna lamba sama da ta gaskiya. Ku duba yaron da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya kayar a lokacin damina. Jininsa ya yi ƙasa, sugansa ma yana iya faɗuwa, na'ura kuma ta ce lafiya lau. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, domin suga idan ya faɗi ya daɗe, ƙwaƙwalwa ce ke taɓuwa.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2009, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu tsinkayen gwaji, wato waɗanda ake sa wa na'urar a ɗiga musu jini, da ke ƙirga wani nau'in sukari na cikin magani a matsayin sugan jini, bayan rahoton mutuwar mutum 13. A shekarar ne kuma wani bincike mai suna NICE-SUGAR, kan marasa lafiya sama da 6,000, ya nuna cewa matsa wa suga da insulin, maganin rage suga, don a sauke shi sosai a ɗakin kulawa ta musamman yana ƙara yawan mace-mace, ke nan kuskuren na'ura a irin wannan wuri ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ba cewa muke a jefar da na'urar ba, asibitocinmu da yawa ita kaɗai gare su cikin dare. Amma ma'aikatan jinya da likitoci, idan lamba ta saɓa da yanayin wanda ke gabanku, a ɗebi jinin jijiya a aika ɗakin gwaji, kada kuma a jinkirta magani ana jiran sakamako. Hukumomin asibiti su tabbatar ɗakin gwajin yana aiki dare da rana, a kuma riƙa adana tsinkayen a rufe, nesa da zafi da laima.