Jawabin Maraba Daga Al'ummar Nima, Ankara Ta Ƙasar Gana, Ga Jagoran Tawagar Duba Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe babban baƙonmu, sarakunan zango, limamai, iyayenmu mata da matasa, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun yi maka kirari ba. Roƙonmu guda ne, da shi za mu fara: a kwashe babbar gotar nan, wato magudanar ruwan da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, a gyara ƙananan da ke zuba cikinta.

Tun da Malam Amadu Futa ya sauka a nan da shanunsa a shekarun 1930, Nima take karɓar baƙi. Mahauta, 'yan goro, sojoji da 'yan dako, da guminsu aka gina Ankara. Amma idan aka zo rabon kwalta da magudanar ruwa, sai a tuna da mu a ƙarshe. An sha zuwa da igiyar awo, a ɗauki hoto, a tafi, shiru kake ji.

Mun ji alƙaluman, mun kuma gode wa Allah. Waɗanda zazzaɓin ya kashe a asibitocin Gana sun sauko daga 2,799 a 2012 zuwa 151 a 2022. Ƙasarmu na cikin ukun farko da suka fara yi wa yara allurar rigakafinsa a 2019. Limamanmu sun yi huɗuba a kan gidan sauro, mata sun karɓa sun ɗaura.

To amma ku shigo lungu ku gani. Ɗaki ɗaya, mutum shida, ina za a ɗaura gidan sauro uku? Lokacin zafi samari a waje suke kwana. Da yawa in jikin yaro ya yi zafi, kemis uwa take zuwa ba tare da gwajin jini ba, wannan kuwa ba ya shiga littafin kowa. Ga shi a 2023 an tabbatar da sabon sauro ɗan asalin Asiya a Tuba da Dansoman, nan yankin Ankara, mai hayayyafa a tankuna da durom, mu kuwa da ajiyayyen ruwa muke rayuwa.

Muna son ƙarin kayan gwaji da feshi. Amma gotar nan, ranka ya daɗe, ita ce kukanmu. Ruwan sama ɗaya, ta toshe, ta tumbatsa, ta bar kududdufi a ƙofar kowa. Matasanmu za su fito da shebur, ku kawo mana injin haƙa da motocin kwasa kafin damina. Don Allah a sa ta a shafin farko na rahotonku.

Allah Ya mayar da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi