Hadari daga gabas, laima daga kudu

Lacca ce da aka yi wa manoma a wani ƙauye na ƙasar Ringim, gab da faɗuwar damina. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe dagaci, iyayenmu dattawa, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi na bazara.

Bari in fara da tambaya. Daga ina hadari ke tasowa? To, na ji kowa ya ce gabas, kuma kun yi gaskiya. Amma laimar da ke zama ruwan, daga kudu maso yamma take zuwa, daga tekun da ke bayan Legas. Wannan iska mai laima tana turo iskar hunturu arewa a hankali, ta iso mana wajen Mayu zuwa Yuni, a Agusta ta kai bakin hamada, lokacin ne muke cikin marka, sannan ta ja da baya a ƙarshen Satumba.

Tun 1977 Turawa suke da tauraron ɗan Adam mai suna Meteosat, yana sama kusan kilomita 36,000, yana kallon Afirka dare da rana. Yanzu duk bayan minti 15 ko ƙasa da haka ana samun sabon hoto. Ni dai ranar da aka jera mini hotunan nan suna tafiya a kwamfuta, sai da na tuna kakana. Za ka ga gajimare ya tsiro ɗan mitsitsi da la'asar, sau da yawa a kan duwatsu kamar na Jos, ya kumbura, ya yi layi, ya miƙa yamma da gudun da ya kai kamar kilomita 50 a awa. Hadarin da ya haɗu wajen Damaturu da la'asar yana iya samun mu nan bayan isha'i, da guguwarsa a gaba. Shi ya sa ake yawan tashin ku cikin dare ku kwashe shanya. Irin waɗannan manyan hadura su ne ke kawo mafi yawan ruwan shekara a ƙasashenmu, ba yayyafi ba.

Baba, na ji ka, kana cewa to ya gaya mana ranar shuka mana. A nan fa sai mu yi a hankali. Meteosat ba ruwa yake aunawa ba, sanyin saman gajimare yake aunawa. Gajimaren da ya yi tsawo ya yi sanyi ƙwarai, ya kuma daɗe a wuri, sai a ƙiyasta ya zubar da kaza. Amurka da Japan sun harba wasu taurarin, TRMM a 1997 (ya daina aiki a 2015), sannan GPM a 2014, masu na'urar da ke leƙa cikin gajimaren kansa, amma su wucewa suke yi, ba sa tsayawa. Idan an haɗa bayanan, ana samun lissafi duk rabin awa, a kan fili mai faɗin kusan kilomita 10. Kilomita 10 kuwa, kun sani, ana iya yin ruwan shuka a gonarka, ta surukinka ko ƙura ba ta kwanta ba.

Inda tauraron ya fi amfani shi ne dogon lissafi. Wani bincike da ya fito a 2017 ya nuna hadura mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Mu da muka ga ambaliyar 2022 a Jigawa, ba sai an rantse mana ba. Ruwa na zuwa da ƙarfi, amma hakan bai hana a yi kwana goma ba ɗigo bayan gero ya tsiro.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe. A ba mu fili a makarantar firamare, nesa da bishiya da indararo, mu kafa ma'aunin ruwa. Yaro ɗaya ya riƙa dubawa kowace safiya yana rubutawa, sai mu gwada da abin da tauraron ya faɗa. Littafi da biro, ni zan kawo ranar kasuwa.