Daga Ɗakin Kwana Zuwa Dandalin Grammy: Kundin Farko na Billie Eilish

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a wannan shiri namu na kiɗa da waƙa. A yau za mu tattauna ne a kan kundin waƙoƙi na farko na mawaƙiyar Amurka Billie Eilish, mai suna When We All Fall Asleep, Where Do We Go?, wanda ya fito ranar 29 ga Maris, 2019, lokacin tana da shekara 17. Tare da ni akwai Malam Bashir, wanda ya daɗe yana aikin haɗa sauti, da kuma Malama Zainab. Barkanku da zuwa.

Bashir: Barka kadai, Malama Hadiza.

Zainab: Barka da war haka. Ina so mu fara da abin da kowa ya fi sani game da kundin nan, wato cewa a ɗakin kwana aka yi shi. Malam Bashir, gaskiya ne ko kuwa ƙarin gishiri ne na 'yan talla?

Bashir: Gaskiya ne, Malama. An naɗi waƙoƙin ne a ɗan ƙaramin ɗakin yayanta Finneas O'Connell, a gidan iyayensu da ke unguwar Highland Park a birnin Los Angeles. Shi yana zaune a gaban kwamfuta yana aiki da manhajar Logic Pro, ita kuma tana zaune a kan gado tana rera waƙa a gaban makirufo. Su biyun ne suka rubuta kusan komai, shi kuma ya haɗa kiɗan waƙoƙi 14 da ke cikin kundin. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ɗakin ya shiga cikin sautin kansa. Duk wanda ya saurara da abin sawa a kunne zai ji muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa, har ana jin numfashinta da motsin leɓenta. Wannan salo yana buƙatar mawaƙi ya matso kusa da makirufo sosai, ya kuma saki jiki, kuma da wuya yarinya mai ƙarancin shekaru ta sami irin wannan natsuwa a babban situdiyo inda baƙi ke kallonta ta bayan gilashi, agogo kuma yana ƙirga kuɗin kowace awa.

Hadiza: Ke nan ƙanƙantar wurin ba ta zame musu cikas ba.

Bashir: Ko kaɗan. Sun kuma yi amfani da sautuka na yau da kullum a matsayin kayan kiɗa. A waƙar “Bury a Friend” akwai ƙarar injin likitan haƙori. A “Bad Guy” akwai sautin fitilar tsallaka titi da ta naɗa a wayarta a birnin Sydney na Ostareliya. Sannan sukan naɗi muryarta sau da dama su jera a kan juna, a bar kiɗan ba cunkoso, sai amo mai nauyi a ƙasa da yake girgiza lasifika. Mai haɗa sauti ya san cewa barin sarari a cikin waƙa ya fi cika ta wuya, domin duk ɗan kuskure a fili yake fitowa.

Zainab: A nan ne nake da ja da yadda ake ba da labarin. Idan aka ce ɗakin kwana kawai, sai matashi ya ɗauka cewa da kwamfuta da makirufo an gama. Amma yarinyar nan ta shiga ƙungiyar mawaƙan yara ta Los Angeles Children's Chorus tun tana da shekara 8, inda ta koyi sarrafa murya da jera muryoyi. Ita da yayanta a gida aka koyar da su karatu, iyayensu Maggie Baird da Patrick O'Connell 'yan wasan kwaikwayo ne, mahaifiyar kuma ita ta koya musu rubuta waƙa. Ga kuma kamfani a bayansu. Bayan waƙar “Ocean Eyes”, wadda suka ɗora a dandalin sauraron waƙoƙi na intanet mai suna SoundCloud a watan Nuwamba na 2015 tana da shekara 13, ta sa hannu da kamfanonin waƙa na Darkroom da Interscope a 2016, aka fitar da ƙaramin kundinta Don't Smile at Me a 2017, ta yi ta zagayen wasanni tana tara masoya. Kafin babban kundin ya fito, an shafe fiye da shekara uku ana share masa fage.

Bashir: Kin yi gaskiya, kuma ko aikin sautin ma bai ƙare a ɗakin ba. Rob Kinelski ne ya tace ya daidaita sautin, John Greenham kuma ya yi gyaran ƙarshe, dukansu ƙwararru ne. Sai dai ban yarda da masu cewa kamfani ne ya ƙera ta ba, domin a wancan lokaci an yi ta yaɗa wannan zargi. Kamfani yana iya sayen talla, amma irin wannan sauti ba shi ne abin da kamfanoni suka saba nema ba. A fim ɗin tarihin rayuwarta da R.J. Cutler ya shirya, wanda ya fito a 2021, an ga Finneas yana kokawa a gaban iyayensu cewa ana matsa masa ya samar da waƙar da za ta yi kasuwa, alhali ƙanwarsa ba ta son a yi mata maganar. Wannan ya nuna cewa akwai ja-in-ja tsakanin son ransu da buƙatar kasuwa, kuma a ganina yawancin abin da ya fito son ransu ne.

Hadiza: Mu koma kan abin da waƙoƙin ke faɗa. Malama Zainab, sunan kundin kansa tambaya ce game da inda muke zuwa idan mun yi barci.

Zainab: Haka ne, kuma ta bayyana cewa munanan mafarkai da dannau da take fama da su ne tushen kundin. Akwai tsoro a ciki, akwai baƙin ciki, akwai tunanin mutuwa, har da waƙar da ta taɓo batun kashe kai. Akwai kuma “Xanny”, inda take nuna ƙyamar yadda abokanta ke shan ƙwayoyi, abin da ba a cika ji daga bakin tauraruwa matashiya ba. Ni uwa ce, saboda haka na fahimci iyayen da suka tsorata da hotunan bidiyonta, kamar wanda baƙin ruwa ke zuba daga idanunta, suka ce ana ƙawata wa yara damuwa. Ban raina wannan fargaba ba. Amma da na zauna na saurari kundin daga farko har ƙarshe, abin da na ji shi ne yarinya tana faɗin halin da take ciki, kuma ta sha bayyana a fili cewa ta yi fama da ciwon damuwa. Sa'o'inta sun rungume ta ne saboda sun ji wata tana furta abin da suke ɓoyewa. Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da aka ɗora mata, domin miliyoyin yara sun mayar da ita wurin kai kuka alhali ita ma ba ta gama girma ba.

Hadiza: To, yaya kasuwa ta karɓe shi?

Bashir: Hannu bibbiyu. A makon farko ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard 200, wato jerin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, da adadin da ya kai kwafi 313,000 idan aka haɗa saye da sauraro ta intanet, ta zama ta farko cikin waɗanda aka haifa daga shekarar 2000 zuwa sama da kundinta ya kai wannan matsayi a Amurka. A Birtaniya ma ya zo na ɗaya. Waƙar “Bad Guy” ta yi makonni tara a matsayi na biyu a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard Hot 100 kafin a watan Agusta na 2019 ta ture “Old Town Road” ta Lil Nas X, wadda ta riƙe kambun har makonni 19.

Zainab: Sai kuma daren Grammy, babban bikin karrama mawaƙa na Amurka, ranar 26 ga Janairu, 2020.

Bashir: A daren ta karɓi lambobin yabo biyar, ciki har da manyan guda huɗu, wato kundin shekara, naɗin shekara, waƙar shekara da sabon mawaƙi mafi fice. Kafin ita, Christopher Cross ne kaɗai ya taɓa haɗa huɗun a dare ɗaya, a 1981. Tana da shekara 18 ta zama mafi ƙarancin shekaru da ta ci kundin shekara, matsayin da Taylor Swift ta riƙe tun 2010 har zuwa wannan dare. Finneas kuma ya ci lambar mai haɗa kiɗa na shekara, kundin ya kuma ci lambar ingancin sauti, wadda ita ce ta fi faranta mini rai, domin masu sana'ar ne da kansu suka shaida cewa aikin ɗan ƙaramin ɗaki ya kai na manyan situdiyo.

Zainab: Ni kuwa abin da na lura da shi a daren shi ne yadda ta kasa sakewa da nasarar. Da ta hau karɓar lambar kundin shekara, cewa ta yi Ariana Grande ce ta cancanta. Wasu sun ɗauke shi tawali'u, ni kuma na ga yarinyar da ta san cewa yabo mai yawa haka yana jawo hassada da suka, kuma hakan ya faru, domin bayan bikin an yi ta muhawara a kan ko an fifita ta a kan mawaƙan da suka daɗe a fagen, irin su Lana Del Rey.

Hadiza: Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu duba kundinta na biyu, Happier Than Ever, wanda ya fito a watan Yuli na 2021, inda ta yi magana a kan abin da shahara ta jawo mata. Malam Bashir, Malama Zainab, mun gode ƙwarai.

Bashir: Mu ma mun gode.

Zainab: Allah ya kai mu.