Taga Ɗaya Ba Ta Shigo da Iska

Tun da bazara ta kama ake ta gardama a Facebook, wai rufin kwano ne ke kawo sanƙarau. Ba kwano ba ne. Ƙwayar cuta ce, ta numfashi da tari da atishawa take yaɗuwa. Laifin ɗaki shi ne ya tara numfashin mutanen gida wuri ɗaya har asuba.

Ga ɗakin soro nan, irin na ƙauyukan Gumel da Ringim a Jigawa: tubali mai kauri, azara a sama, an lulluɓe da ƙasa. Rana na dukansa, amma zafin a hankali yake ratsawa. Ga kuma na bulo da kwano, babu silin. Ku dubi yadda zafi ke koro mai irin wannan ɗakin da tabarmarsa zuwa gindin darbejiya, ba sai na ce komai ba.

To, ga inda ake tafka kuskuren. Sai mutum ya ce wa birkila, "Malam, a faɗaɗa min tagar nan." An faɗaɗa, zafi na nan daram. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Ku gwada hura kwalba ku gani. Taga ɗaya, komai girmanta, da an kulle ƙofa da dare magana ta ƙare. Biyu ake so, a bangon da ke fuskantar juna, iska ta shigo ta nan, ta fice ta can. Kuma iska mai zafi sama take yi, don haka a bar mata 'yar kafa kusa da rufi.

Na san za ku ce, sauro fa? Da gaskiyarku, ta ratar da ke tsakanin bango da rufi yake yawan shigowa. Amma don Allah a daina cusa tsumma da buhun siminti, raga za a sa. Ɓarawo kuwa rodi ya ishe shi. Mai gudun a leƙa masa iyali, ya ɗaga tagar ta wuce tsayin mutum.

Sauran a gurguje: murhu ya fita daga ɗakin kwana, masai ta yi nesa da rijiya. Kuma taga ba ta maye gurbin rigakafi. A ɓarkewar sanƙarau ta farkon 2023, Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda ake zargin sun kamu. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a ranar za a kai shi asibiti.