Darasin Turanci: Yadda Ake Amfani da "Myself" da 'Yan'uwansa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na koyon Turanci, wanda yake zo muku daga nan birnin Sakkwato. Ina gaishe da ɗalibanmu na sakandare da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO, da masu jiran JAMB, da kuma malamai 'yan'uwana da ke biye da mu daga Wamakko da Bodinga da Gwadabawa har zuwa Illela. Kowa ya ɗauko alƙalami da takarda, domin darasin yau yana da misalai da yawa.

Abin da ya jawo wannan darasi shi ne saƙon da wata ɗaliba ta aiko mana daga unguwar Mabera. Ta ce a cikin insha'in da ta rubuta game da gidansu ta sa jimlar "My parents love themselves", sai malaminta ya ja wa kalmar ƙarshe layi da jan biro, ita kuwa ta duba ta sake dubawa ba ta ga laifin jimlar ba. 'Yata, malaminki yana da gaskiya, kuma za ki ga dalili nan gaba kaɗan, amma sai mun fara daga tushe.

Kalmomin da muke magana a kansu su ne waɗanda masana nahawun Turanci suke kira "reflexive pronouns", wato wakilan suna da ake amfani da su idan aiki ya koma kan wanda ya aikata shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin mu ma muna da su, kuma da kalmar "kai" muke gina su. Muna cewa kaina, kanka, kanki, kansa, kanta, kanmu, kanku, kansu, sannan a bakin Basakkwace za ka ji "kainai" a inda Bakano zai ce "kansa". Idan na ce "Musa ya yanke shi", kowa ya san cewa wani ne daban wuƙa ta kama, amma idan na ce "Musa ya yanke kansa", to mai yankan da wanda aka yanka mutum ɗaya ne. Haka abin yake a Turanci ba ragi ba ƙari: "Musa cut him" wani ya yanka, "Musa cut himself" kansa ya yanka.

A Turanci guda takwas ne, kuma zan faɗe su a hankali domin a rubuta. Na tilo su ne "myself", da "yourself", da "himself", da "herself", da "itself". Na jam'i su ne "ourselves", da "yourselves", da "themselves". Akwai na tara, wato "oneself", wanda ake amfani da shi idan ba a nufin wani mutum takamaimai, kamar a ce "One must look after oneself", ma'ana dole mutum ya kula da kansa. A lura cewa "self" yana komawa "selves" a jam'i, kamar yadda "leaf" yake komawa "leaves", kuma kowace daga cikinsu kalma ɗaya ce da ake rubuta ta a haɗe.

A nan akwai wani tarko da yake kama ɗalibai masu ƙwazo. Ɗalibi zai lura cewa "myself" daga "my" aka gina shi, "ourselves" daga "our", "yourself" daga "your", sai ya ce ashe ke nan "his" zai ba da "hisself", "their" kuma ya ba da "theirselves". Lissafinsa daidai ne, amma Turanci bai bi lissafin ba, domin "himself" da "themselves" daga "him" da "them" aka gina su. Ana jin "hisself" da "theirselves" a wasu kare-karen harshe na Ingila da Amurka, sai dai ba su cikin daidaitaccen Turanci, kuma mai gyaran jarrabawa ba zai karɓe su ba. Maganin wannan haddacewa ce kawai.

Sai batun "yourself" da "yourselves". Hausa tana bambanta namiji da mace a nan, ta ce kanka ko kanki, Turanci kuwa "yourself" ne ga duka biyun. Abin da Turanci yake dubawa shi ne yawan mutanen da ake yi wa magana. Mu a al'adarmu idan yaro yana magana da mahaifinsa ko malaminsa yakan ce "ku", ya ce "Baba, ku kula da kanku", alhali mutum ɗaya yake nufi. Idan aka zo Turanci, wannan jam'in girmamawa ba ya aiki, saboda haka ko da Mai Alfarma Sarkin Musulmi kake yi wa magana, muddin shi kaɗai ne, "Take care of yourself" za ka ce. "Yourselves" sai mutane biyu ko fiye. Haka nan dabba ko wani abu mara rai, wanda Hausa take ba shi jinsi, Turanci "itself" yake ba shi: mu muna cewa akuya ta ji wa kanta ciwo, su kuma su ce "The goat hurt itself".

Yanzu bari mu koma kan tambayar ɗalibarmu ta Mabera, domin a nan ne kuskuren da ya fi yawa a Turancin Najeriya yake. Ku ɗauki misalin 'yan kasuwa biyu da suka haɗa jari suka sayi albasa a Wurno, suka ɗora ta a mota zuwa kudu, motar ta lalace a hanya har albasar ta ruɓe. Idan na ce "sun zargi kansu", ina nufin kowannensu ya ga laifinsa, yana cewa da na sani da ban ba wannan direban kaya ba. Idan kuwa na ce "sun zargi juna", to rigima ce ta tashi, wannan yana ɗora wa wancan laifi, wancan yana mayar masa. Babu Bahaushen da zai rikita waɗannan jimloli biyu. Turanci ma ya raba su daidai yadda muka raba: "They blamed themselves" shi ne sun zargi kansu, "They blamed each other" shi ne sun zargi juna.

Saboda haka, 'yata, abin da kika rubuta yana nufin iyayenki suna son kansu, kuma kin san abin da son kai yake nufi a wurinmu. Abin da kika so ki faɗa shi ne suna son juna, wato "My parents love each other". Irin wannan ne kuma idan abokai za su rabu wani ya ce "We shall see ourselves tomorrow". Bature zai fahimci cewa gobe za su tsaya gaban madubi ne su kalli fuskokinsu. Daidai shi ne "We shall see each other tomorrow", ko a taƙaice "See you tomorrow".

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, wannan kuskure ba daga Hausa ya samo asali ba. A wasu harsuna, kamar Yarbanci, kalma ɗaya ce take ɗaukar ma'anar "kansu" da ta "juna", haka ma Faransancin da maƙwabtanmu na Birnin Ƙonni suke karatu da shi yakan yi amfani da siga ɗaya ga duka biyun. Wanda harshensa ya haɗe su yana da uzuri idan ya haɗe su a Turanci. Mu da harshenmu ya raba mana su tun muna goye, kwaikwayo ne kawai ya sa muke faɗawa ramin da ba namu ba. Don haka kafin ka rubuta "themselves" ko "ourselves", ka faɗi jimlar a zuciyarka da Hausa. Idan "juna" ya fito, to "each other" ko "one another" ake bukata. Tsofaffin littattafan nahawu suna cewa "each other" na mutum biyu ne, "one another" na fiye da biyu. Turawan yau ba su cika kula da wannan bambanci ba, amma shawarata ga mai rubuta jarrabawa ita ce ya bi shi, tun da babu wanda zai rage masa maki don ya bi.

Aiki na biyu da waɗannan kalmomi suke yi shi ne ƙarfafa magana, wato abin da muke cewa "da kaina" ko "shi kansa". Idan aka ce "The principal himself taught us today", ana nufin shugaban makaranta da kansa ya koyar da mu yau, bai wakilta kowa ba. Ana iya kai kalmar ƙarshen jimla a ce "The principal taught us himself". Yadda za ka gane wannan aiki shi ne, idan ka cire kalmar, jimla ba ta rushe ba, ƙarfinta ne kawai ya ragu. Idan kuma aka sa "by" a gabanta, ma'anar ta koma kaɗaici ko rashin taimako: "She lives by herself" tana zaune ita kaɗai, "The door opened by itself" ƙofa ta buɗe da kanta.

Akwai wuri guda da Hausa za ta iya yaudarar ka, kuma wajibi ne in faɗa tun da na ce a riƙa auna jimla da ita. Muna cewa ya gina gidan kansa, ta sayi keken ɗinki na kanta. Wannan "kai" na mallaka ne, kuma Turanci ba ya amfani da "himself" a wurin. Ba a cewa "himself's house" ko "the house of himself". Kalmar da ake bukata ita ce "own": "He built his own house", "She bought her own sewing machine".

Kuskure na gaba na manya ne, domin a wasiƙun ofis da jawaban taro aka fi jin sa. Mutum zai miƙe ya ce "Myself and the chairman visited the school", ko ya rubuta "Please send the report to myself", yana jin cewa "myself" ya fi "I" da "me" nauyi da ladabi. Turawa da kansu suna yin haka, amma masu gyaran rubutu ba sa yarda da shi. Ƙa'idar ita ce "myself" yana bukatar "I" a cikin jimlarsa wanda zai koma wa, kuma ba ya tsayawa shi kaɗai a matsayin aikau, wato mai aikata aikin. Gwajin mai sauƙi ne: cire ɗaya mutumin ka saurari abin da ya rage. Ba za ka ce "Myself visited the school" ba, kamar yadda ba za ka ce "kaina ya ziyarci makaranta" ba. Saboda haka daidai shi ne "The chairman and I visited the school", ɗayar kuma "Please send the report to me", domin wanda zai aiko rahoton daban, mai karɓa daban.

Wasu aikatau kuma, wato kalmomin aiki, suna da halinsu da sai an san su ɗaya bayan ɗaya. "Enjoy" ba ya zama babu karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, shi ya sa wanda ya dawo daga bikin hawan Sallah ba zai ce "We enjoyed" ya yi shiru ba, sai dai ya ce "We enjoyed ourselves" ko "We enjoyed the durbar". Haka "avail", wanda masu shirya jarrabawa suke ƙauna: "Avail yourself of this opportunity", da "of" a bayansa. Haka "He prides himself on his handwriting", da "She absented herself from class". Idan aka ajiye wa baƙo abinci aka ce "Help yourself", daidai yake da bismillarmu, ba wai an ce ya taimaki kansa ba ne. A ɗaya ɓangaren, ayyukan da kowa ya san mutum kansa yake yi wa, kamar "wash" da "dress" da "shave", galibi ba a ƙara musu komai. "I washed and dressed" ya isa. Ana ƙarawa ne idan abin ya zama labari, kamar uwa ta ce wa maƙwabciyarta "He can dress himself now", wato yaron ya girma har yana sa wa kansa tufafi. Su kuwa "relax" da "concentrate" a ma'anarsu ta yau da kullum ba a bin su da waɗannan kalmomi.

Saura abu ɗaya, wato kalmomin da suke nuna wuri, irin su "with" da "beside" da "behind". A bayansu wakilin suna na yau da kullum ake sawa idan babu shakkar wanda ake nufi. Ana cewa "He took the money with him", ba "with himself" ba, kuma "She closed the door behind her". Mu ma cewa muke yi ya tafi da kuɗin tare da shi. Amma idan kalmar tana manne da aikatau ne, aikin kuma ya koma kan mai shi, sai a dawo ga ƙa'idar farko: "She looked at herself", "He was talking to himself".

Ga aikin gida, jimloli huɗu, a gyara wadda take bukatar gyara a bar wadda take daidai. Ta farko, "The two wrestlers greeted themselves before the fight". Ta biyu, "My brother and myself sell leather in the market". Ta uku, "The children hid theirselves behind the wall". Ta huɗu, "Grandmother cooked the food herself". Guda ɗaya ce kawai daga cikinsu take daidai yadda take. A aiko da amsoshi kafin ranar Alhamis, kuma a rubuta fassarar Hausa a ƙarƙashin kowace jimla, domin da ita zan fara dubawa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, wassalamu alaikum.